Lambar da Ba Ta da Suna

A ƙasan adakar kakarsa ya fara ganin ta: tauraruwar tagulla mai tsini shida, rataye da ƙyalle ja a tsakiya, shuɗi da ruwan lemo a gefe. Lambar yaƙin Bama ce, wadda kakansa ya samo a runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, bayan gumurzu da Japanawa a kwarin Kaladan a 1944. Da kakar ta rasu, wajen rabon gado aka haɗa lambar da tsofaffin tasoshi aka sayar wa mai gwangwan.

Wannan rashi ne ya mai da shi mai tara lambobin soja. Shekara da shekaru yana bin dillalan kayan tarihi, har ya gane wani bambanci da ya sosa masa rai. Lambobin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Ingila ta buga wa kowacce sunan mai ita da muƙaminsa da rundunarsa. Na Yaƙi na Biyu kuwa, haka ta raba wa mafi yawan sojojinta su ba suna. Ko da ta kakansa ta faɗo hannunsa, ba zai shaida ta ba.

Don haka ya sake dabara. Ba ya karɓar lamba sai da labarinta: sunan sojan, garinsu, da abin da iyalinsa suka riƙe daga bakinsa. Bariki a Zariya na ɗauke da sunan Chindit har gobe, amma sunayen mazan da suka je suna bakin jikoki, jikokin kuma sun fara furfura.