Kafin ka hana yaronka fita bayan La'asar



Ya ɗan'uwa mai ƴaƴa matasa, duk shekara idan jarrabawar BEPC ta matso, ko aka sa yaro hadda, abin da muke fara yanke masa shi ne wasa. Mu ce ƙwallo ɓata lokaci ne, a zauna a riƙe littafi. Niyyar kyakkyawa ce, amma a ganina muna rage masa abin da zai riƙe karatun da shi.

Ƙwaƙwalwar matashi ba ta gama ginuwa ba. Sashen gaba, mai kula da natsuwa da tsara aiki da danne zuciya, yana ci gaba da nuna har bayan shekara 20. Idan yaro ya yi gudu, jini yakan ƙara kwarara zuwa kai, jiki kuma ya saki sinadaran da ke ƙarfafa sashen ajiyar abin da aka koya. Ga kuma barci mai nauyi, wanda a cikinsa ne haddar yini take zama daram. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware wa masu shekara 5 zuwa 17 aƙalla minti 60 kullum, kuma a 2019 ta bayyana cewa kashi 81 cikin 100 na matasan duniya ba su cika wannan. A wurinmu salula ce ta cinye filin langa.

Na daɗe ina lura da almajiran da ke zuwa karatun Magariba. Wanda ya yini a zaune, ido a kan waya, shi ne mai hamma tun shafin farko. Wanda ya sha gudu ya yi wanka yakan biya sau uku ya riƙe. Gudun ba ya maye gurbin tilawa, yana dai share mata wuri.

Abin ya fi tsanani ga ƴan mata, domin su ake fara zaunarwa. Ka tuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito. Tsakar gida ta ishe su tsallen igiya cikin sutura.

Lokacin zafin Afrilu da Mayu, a Maradi ko Damagaram, kada ka tura shi da tsakar rana. Bayan Asuba ko bayan La'asar, da gorar ruwa a hannu, da sharaɗin kiran Magariba ya same shi da alwala.