Waƙafin da Jamusawa Suka Bar wa Marubuci

A Jamusanci, waƙafi ya fi bin ginin jimla fiye da numfashin mai karatu. Shi ya sa Bajamushe ke ɗaukar kuskurensa tamkar kuskuren lissafi. Sai dai akwai wani lungu na nahawun inda dokar ta sassauta, wato yankin jimla mai ɗauke da abin da suke kira Partizip.

Partizip aikatau ne da ya ari rigar sifa. Iri biyu ne: mai nuna aikin da ke gudana, kamar lachend, wato "yana dariya", da mai nuna halin da aiki ya bari, kamar durchnässt, wato "a jiƙe". Bahaushe ba baƙo ba ne a nan, domin shi ma yakan ce mutum ya shigo a gajiye. Idan irin wannan kalma ta jawo wasu suka yi ayari, sai tambaya ta taso: a raba su da sauran jimlar, ko a bar su?

A tsohuwar ƙa'ida raba su ake yi, in ban da 'yan gajeru. A ranar 1 ga Yuli, 1996, aka sa hannu a birnin Biyana kan yarjejeniyar gyaran rubutu, wadda Jamus da Ostiriya da Suwizalan ke cikinta, ta kuma soma aiki a watan Agusta na 1998. Gyaran ya mayar da wannan waƙafi na ganin dama. A jimlar "Vom Regen durchnässt, betrat der Bauer das Haus", ma'ana manomi ya shiga gida a jiƙe da ruwan sama, sa waƙafi daidai ne, barinsa ma daidai.

Amma ganin daman yana da iyaka. Waƙafi wajibi ne idan yankin ya zo a ƙarshe a matsayin ƙarin bayani: "Der Bauer betrat das Haus, vom Regen durchnässt." Wajibi ne idan ya tsaya tsakanin suna da aikatau, ko kuma wata kalma irin so ta yi nuni gare shi. A wasu wuraren tsakiyar jimla kuwa, ko dai a sa biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, ko a bar su duka. Guda ɗaya tilo kuskure ne. Idan kuma ya gabaci suna a matsayin sifa, kamar "der vom Regen durchnässte Bauer", waƙafi ba shi da gurbi ko kaɗan.

Gyaran 1996 bai shiga da daɗin rai ba. Mutanen jihar Schleswig-Holstein sun yi watsi da shi a ƙuri'ar raba gardama ta 1998, jaridar Frankfurter Allgemeine Zeitung kuma ta koma tsohon rubutu a 2000. Wannan taƙaddama ce ta haifi majalisar kula da rubutun Jamusanci a 2004, mai mazauni a Mannheim, wadda gyare-gyarenta na 2006 suka maido da wasu waƙafan gaban zu.

An sassauta dokar ne don a rage wa ɗalibai jan biro, amma nauyin bai gushe ba, wuri kawai ya sauya. Da can malami ke yanke hukunci da littafin Duden a hannu. Yanzu marubuci ne zai auna tsawon jimlarsa, ya hango inda mai karatu zai yi tuntuɓe, ya sa masa alama tun kafin ya iso.