Ashirin huɗu

Har yau idan na ji warin albasar da aka baza a rana, sai in hango yaron nan tsugune a gindin rumfar Kaka a Madekali, ƙafafu furu-furu da ƙurar hanya, allon lakwal rataye a wuya da zaren buhu, yana ɗaga kai kamar wani alƙali don kawai ya iya ƙirga da Faransanci har ɗari. Ni ne fa.

Kaka ba ta ciniki da tamma, dala ta sani, kuma tamma biyar ce dala guda. Kuɗinta a ƙulle suke a haɓar zane, jajaye da farare, kowane da kifin nan mai baki kamar zarto a bayansa, suna ƙamshin gumi da daddawa. Farin babban, wanda mushe, malaminmu na lakwal, ya koya mana cewa sunansa cent francs, ita ashirin take ce masa; Dendawan da ke zuwa da kwalekwale su ce waranka, magana dai guda ce. Takardar 1000 kuwa jikka, wato dala metan. Mutanen Lolo da Illo masu ƙetarowa daga Najeriya su ma da tasu jakar ta naira 200, shi ya sa kafin a ce Allah ya sa albarka sai an tambayi jakar wane gefe ake nufi. Akwai kalmomin da tun da ta kwanta dama ban ƙara jin su a bakin kowa ba: zambar, arbaminya, hamsaminya, talatin gaira biyu. Tana furta su a hankali, tana tauna goro.

Wata ranar kasuwa wani baƙo ɗan kudu ya tsaya, da alama ma'aikaci ne daga Malanbil, takalminsa sai sheƙi. Ba ya jin Hausa, ba ya jin Dendi. Ya nuna kashin albasa guda ya ce quatre-vingts. Zuciyata ta buga don murna, ga ranar da bokona zai yi amfani. Ai mushe ya riga ya warware mana ita da alli: Faransawa ba su da tamanin, sai su ce ashirin sau huɗu. Na juya da ƙarfi yadda maƙwabtan rumfa za su ji, na ce, “Kaka, ya ce ashirin huɗu.”

Ashirin huɗu a kunnenta fararen manya huɗu ne, tamma 400. Fuskarta ta washe, ta zaɓo masa manya-manyan ƙwallaye, ta ƙara gyara har sau biyu, ta ɗaure masa da kanta tana sa masa albarka. Mutumin ya ajiye fara ƙarama ta dala goma, ja ta dala biyar, da dala guda, ya yi gaba abinsa. Ta jera su a tafin hannu, ta daɗe tana dubawa. Sha shida.

Ba ta kira shi ba, ciniki ya riga ya faɗa. Sai ta dube ni ta gefen ido ta ce, “Maigida, in haka za ka riƙa ci da gidan nan, yau na fasa auren.” Matan rumfa suka fashe da dariya. Ni kuwa kunnuwana suka yi zafi, na sulale bakin kogi na zauna ina jifan ruwa da tsakuwa har aka kira la'asar.

Shekaru bayan haka, a kwaleji a Malanbil, aka ce kowa ya zaɓi Jamusanci ko Sifaniyanci. Ranar da muka zo kan ƙirga na ji malamin ya ce ochenta, kalma guda kamar tamanin ɗinmu, sai na ji harshen ya kwanta mini. Shi ma dai da nasa tarkon: ɗari cif cien ce, da ta samu ƙari ko na ɗaya sai ta koma ciento, ɗari biyar kuma ta bauɗe wa 'yan uwanta ta zama quinientos. Abokaina suna haddace ta da ƙyar, ni kuwa a gefen littafi na rubuta mata dala ɗari, ban sake mantawa ba.

Yanzu furfura ta fito, na yi lissafi da harsuna huɗu a ofis da kanti. Amma ko jiya da mai shago ya ce mini quatre-vingts, na tsinci yatsuna cikin aljihu suna raba ta biyar-biyar, a ɓoye, kamar Kaka na kallo ta gefen ido.