Hauhawar Albashi a Amurka: Kamfanonin Ba da Shawara da na Masana'antu

Kamfanonin ba da shawara, wato waɗanda ba sa ƙera kaya sai dai su sayar wa wasu kamfanoni da gwamnatoci dabarun gudanarwa, sun yi suna a Amurka wajen saurin ƙarin albashi, musamman McKinsey da aka kafa a 1926, da Boston Consulting Group na 1963, da Bain na 1973. A 2023, wanda ya shiga ɗayansu da digiri na biyu a harkar kasuwanci yakan fara da kusan dala dubu 190 a shekara, ban da garaɓasar ƙarshen shekara, sannan duk shekara biyu zuwa uku yakan hau mataki, kowane hawa kuma da ƙari mai tsoka.

Dalilin wannan yana cikin hajar kanta, domin abin da kamfanin ke sayarwa lokacin ma'aikacinsa ne, saboda haka da zarar ya hau mataki, kuɗin da ake karɓa daga abokin ciniki a kansa ya ƙaru. Sai dai hawan yana da sharaɗi mai tsauri, wanda Marvin Bower, tsohon lauyan da ya gina McKinsey, ya ɗauko daga kamfanonin lauyoyi: ko ma'aikaci ya hau a kan lokaci, ko a shawarce shi ya nemi wani wuri. Kujerun masu hannu a ribar kamfanin 'yan kaɗan ne, masu nema kuwa da yawa.

A masana'antu irin su Ford ko Procter & Gamble, albashi yana ɗaure da kujera, kowace kujera tana da ƙasa da sama da ba ta wucewa, ƙarin shekara-shekara kuma yakan tsaya tsakanin kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari, abin da bai taka kara ya karya ba a Yunin 2022 lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 9.1. Ƙwararren injiniya yana iya shafe shekaru yana jiran na gaba da shi ya yi ritaya, kuma wannan tauye haƙƙi ne da ke tilasta wa mutanen kirki sauya kamfani kafin su ga ƙari na gaske.

Duk da haka, kwatanta alƙaluman biyu kai tsaye yaudara ce, domin na masu ba da shawara yana ƙirga waɗanda suka tsira ne kawai, ba ya ƙirga waɗanda aka sallama ko suka gaji da kwana a otal-otal daga Litinin zuwa Alhamis. Dukiya mafi girma ma a masana'antu take, ta hanyar hannun jarin da ake ba shugabanni, kuma can ne da yawa daga cikin masu ba da shawara ke komawa, kamar Sundar Pichai da ya bar McKinsey ya shiga Google a 2004, ya zama shugabansa a 2015.