Daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Tiga: ki kai yara su ga ruwa

Uwargida, tambayi autanki daga ina ruwa yake zuwa. In a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni ya tashi, ƙila ya ce miki daga kurar ɗan garuwa. To a hutun nan ki lallaɓa maigida ku kai yaran Tiga.

A Amurka wasu iyalai kan yi yawon buɗe ido da mota mai gado da kicin a ciki. Mu kam tabarma da kular dafa-duka da gorar zoɓo sun ishe mu.

Ku kama Titin Zariya da sassafe. Bayan Na'ibawa, a gadar Tamburawa, ki nuna musu kogi: a nan kusa ake tace ruwan famfon da ke shiga birni. Daga Kura zuwa Kadawa gonakin shinkafa da tumatir ne kore shar ko da rani, albarkacin ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako.

A bakin madatsar ga masunta cikin kwalekwale, ga balbela, ga iska mai sanyi. Yaron da kududdufi kaɗai ya sani sai ya tsaya yana kallo, baki buɗe.

Amma idonki ya kasance a kansu. Kada kowa ya shiga ruwa, ko da sun ga yaran garin suna ninƙaya. Ana sallar la'asar ku juyo, magariba ta same ku a gida.