Tafi a Dandali, Duka a Titi: Mazan Girka Masu Shigar Mata

Yau za mu leƙa ƙasar Girka mu duba wata tsohuwar sana’a, wato namiji ya hau dandali cikin tufafin mata, ya rera waƙa, ya sa jama’a dariya ko kuka. Turawan yanzu suna kiran ta drag. Mun san da jin haka wasu za su yamutsa fuska, kuma ba mu zo don sauya wa kowa abin da addininsa da tarbiyyarsa suka koya masa game da shigar maza da ta mata ba. Tambaya guda ce ta kawo mu: mutumin da gari ya yi wa tafi da daddare, mene ne hakkinsa a kan garin idan gari ya waye ya sauko titi?

Sana’ar ta daɗe a Girka. Wajen shekara 2,500 da suka wuce, mutanen birnin Atina sukan taru kowace bazara a gindin dutsen Akrofolis su kalli wasannin kwaikwayo na bikin gunkinsu Diyonisos. Mace ba ta hawa wannan dandali, kamar yadda ba ta jefa ƙuri’a a majalisar birnin. Duk sarauniya da uwa da amarya da kuyanga da aka gani a wasan, namiji ne sanye da fuskar aro da doguwar riga. Maza uku kacal ke raba dukkan masu magana a tsakaninsu, ta yadda mutum guda kan fita a matsayin sarki ya dawo a matsayin ’yar sarki. Lokacin da Yurifidis ya fitar da wasansa na Mediya a shekarar 431 kafin haihuwar Annabi Isa, namiji ne ya yi kukan matar da miji ya yasar don ya auri ’yar sarauta. Kuma dole ɗan wasan ya iya waƙa, domin wuraren da baƙin ciki ya yi tsanani rera su ake yi. An ruwaito cewa wani shahararren ɗan wasa mai suna Folos, da zai fito a matsayin Elektira mai makokin ɗan’uwanta, sai ya rungumo tulun da ke ɗauke da tokar ɗansa na cikinsa da ya rasu, ya yi kukan gaske a gaban jama’a da muryar mace.

Masu barkwanci ma ba su bar abin ba. A shekarar 411 kafin haihuwar Annabi Isa, Aristofanis ya rubuta wasan da matan Atina suka haɗa baki a wurin bikinsu na Tesmoforiya don su hukunta Yurifidis bisa zargin yana ɓata musu suna. Sai aka aske wa wani tsoho danginsa gemu, aka aro masa kayan mata, aka tura shi cikinsu ya kare shi. Asirinsa ya tonu, aka ɗaure shi a jikin katako, aka sa ɗan doka ya tsare shi, ’yan kallo suna ta ƙyaƙyata dariya. Ko a cikin wasa ke nan, ana jin daɗin mai shigar mata muddin yana inda aka ajiye shi. Da ya shiga inda ba a zata ba, sai ɗauri.

Bautar gumaka ta shuɗe, Girka ta zama ƙasar Kiristoci ’yan Otodoks, amma al’adar ta sami mafaka a bikin Afokriyes, makonni uku na shagali kafin azuminsu mai kaiwa ga Ista. A garin Nawusa da ke arewacin ƙasar, har yau samari sukan fito da fuskokin aro da takubba suna rawa a titi, tare da amarya da ake kira Bula, wadda namiji ne cikin kayan aure. A tsibirin Sikiros kuma akwai Korela, saurayi cikin kayan mata, mai rakiyar wani tsoho da ya rataya ƙararrawar awaki a ƙugu. Iyaye da kakanni ne ke kallo, kowa ya san ɗan gidan wane ne a cikin rigar, kuma da bikin ya ƙare sai a naɗe ta a mayar cikin akwati.

Wanda ya fitar da rigar daga akwatin biki ya mai da ita sana’ar kowane dare shi ne Yorgos Marinos. An haife shi a Atina a 1939. Ya koyi wasan kwaikwayo, kuma tun yana matashi ya faɗa hannun Manos Hajidakis, babban mai tsara kiɗa na Girka, wanda ya ci kyautar Oska a 1961. A 1962 Hajidakis ya sa shi a wasan waƙe-waƙensa mai suna Odos Oniron, wato Titin Mafarkai, daga nan aka san muryarsa. Ya ci gaba da waƙa a ƙananan gidajen kiɗa na unguwar Filaka, tsohuwar unguwa a gindin Akrofolis, inda mawaƙi da masu saurare ke zama kusan gwiwa da gwiwa.

Daga farkon shekarun 1970 ya kafa kansa a wani gidan wasa mai suna Medusa, ya yi kusan shekara ashirin a can. Abin da yake yi ba a saba gani ba a lokacin: waƙa da rawa da barkwanci da habaici ga masu mulki, duk a dare guda, yana sauya kaya daga na maza zuwa na mata, yana kwaikwayon taurarin mata da manyan gari. Mu tuna cewa daga 1967 zuwa 1974 sojoji ne ke mulkin Girka, suna tace waƙa da wasa da jarida kafin su isa ga jama’a. A irin wannan yanayi mai ban dariya yakan faɗi abin da mai wa’azi da ɗan jarida ba su isa su furta ba, don ana ɗaukar maganarsa wargi. Marinos bai ɓoye cewa shi mai sha’awar jinsinsa ne ba, a zamanin da kusan babu sanannen mutum a ƙasar da ke faɗin haka. Duk da haka magidanta da matansu suka riƙa cika masa ɗaki, har a shekarun 1990 tashar ANT1 ta ba shi shirin talabijin da ya shigar da shi falon talakawa.

Mai duba rayuwar Marinos zai iya cewa Girka ta gama karɓar irinsa. Abin da ya faru ranar 21 ga Satumba, 2018, ya nuna iyakar karɓar. Zak Kostofulos matashi ne ɗan shekara 33, mai wasan shigar mata da sunan Zaki O, kuma mai fafutukar kare masu ɗauke da cutar ƙanjamau, domin shi kansa yana ɗauke da ita kuma bai ɓoye ba. Da rana tsaka, cikin kayan maza, ya shiga wani shagon sayar da gwala-gwalai a titin Giladston kusa da dandalin Omoniya, ƙofa ta kulle da shi a ciki. Da ya yi ƙoƙarin rarrafowa ta gilashin gaban shagon, mutum biyu suka yi ta shurin sa a ka. ’Yan sanda suka iso suka danne shi suka sa masa ankwa yana jina-jina. Bai kai asibiti da rai ba. Mutane da dama suna tsaye suna kallo, wasu suna ɗauka da waya.

Labarin da ya fara fita a kafafen yaɗa labarai shi ne wani ɗan ƙwaya ya shiga fashi. Binciken likitoci bai sami ƙwaya a jininsa ba, ya kuma danganta mutuwarsa da raunukan da aka yi masa. A watan Mayu na 2022 kotu ta yanke wa mutanen biyu ɗaurin shekara 10 kowannensu, ta sallami ’yan sanda huɗu da aka gurfanar. Daga inda ya faɗi zuwa dandalin da Folos da takwarorinsa suka sha tafi, tafiya ce da mutum zai yi da ƙafa.

Me ya haɗa mu da wannan, mu mazauna zango? Da farko, wasan ba baƙo ba ne a wurinmu. Dattawanmu a nan Gana sun ga zamanin konsat fati, lokacin da ƙungiyoyi irin su Axim Trio ta su Bob Johnson ke yawo gari-gari, namiji na ɗaura zane ya fito a matsayin matar gida kafin mata su fara hawa dandalin. A ƙasar Hausa da kakanninmu suka baro, ’yan mata kan yi tashe da azumi ɗaya ta sa riga da hula ta zama maigida. Mun kuma san ’yan daudu, mun ci abincin da suka dafa a tasha, mun yi dariyar habaicinsu a gidan biki, sannan idan an idar da biki ba kowa ke son a gan shi yana gaisawa da su ba. Abin da Girkawa suka yi wa Marinos na so a dandali da nesantawa a waje, mun san kamarsa a gida.

Na biyu ya fi nauyi. Abin da ya kashe Zak shi ne kalma guda da aka jefa masa, wato ɓarawo, da taron da ya yarda da ita ba tare da tambaya ba. Wannan ƙasa ta ɗanɗana irinsa ranar 29 ga Mayu, 2017, lokacin da mutanen Denkyira-Obuasi suka kashe hafsan soja Maxwell Mahama bisa zaton ɗan fashi ne, har kotu ta yanke wa mutum 12 ɗaurin rai da rai a 2024. Idan hakan ta sami hafsan soja, ina ga ɗan zango mai tallan nama ko mai gadi, wanda harshensa da shigarsa ke nuna shi baƙo ne tun daga nesa? Mu ma ana yaba suyarmu da ɗinkinmu da kwalliyar hawan sallarmu, amma kowannenmu ya san yadda idanu ke juyowa unguwarmu idan abu ya ɓace. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan’uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Don haka matsayinmu a fili yake. Mutum na iya ƙin sana’ar Marinos, ya ƙi kallon ta, ya hana ’ya’yansa, wannan hakkinsa ne kuma ba wanda zai ƙwace masa. Amma ƙin sana’ar mutum bai halatta jininsa ba, kuma ba ya ba mai kallo uzurin naɗe hannu ana shurin kan ɗan Adam a gabansa. ’Yan tsiraru irinmu ba su da garkuwar da ta wuce ƙa’idar cewa ba a hukunta kowa a titi, ko wane ne shi. Ranar da muka yarda a cire mutum guda daga wannan ƙa’ida don ba ma son rayuwarsa, mun buɗe ƙofar da za a iya fitar da mu ta cikinta.

Saboda haka idan aka yi ihun ɓarawo a kasuwa ko a tasha, kada hannunmu ya zama na farko a duka, kada wayarmu ta zama ita ce aikinmu kaɗai. Mu shiga tsakani in da hali, mu kira hukuma, mu tsaya mu ba da shaida idan an nema. Mu koya wa samarinmu haka tun a gida. Allah Ya tsare mu da zaluntar wani, Ya kuma tsare mu da a zalunce mu.