Yadda Na Ƙara Wa Motata Tanki Na Biyu

Jama'a, ɗalibai da dama sun sha tambayata abin da ya sa idan na je gidan mai, bayan an cika tankin motata, sai kuma in ɗaga kujerar hagu a sake zuba wani man. Har waɗansu suna yi mini ba'a, wai motar Malam ta fi raƙumi tanadi. To, tun da Edita ya matsa mini in rubuta wani abu, bari in ba ku labarin tun daga tushe.

Motar nan Land Rover ce, irin gajerun nan da aka yi ta ƙerawa a Ingila daga 1971 zuwa 1985, kakarsu kuwa ta fito tun 1948. Tana ja da ƙafa huɗu, ba ta tsoron taɓo, ba ta tsoron dutse. Aibinta ɗaya, ƙaramin ciki da yawan ci. Tankinta yana ƙarƙashin kujerar dama, galan 10 yake ɗauka, wato lita 45. A kan kwalta lita guda takan kai ni kilomita 6. Amma in aka shiga laka, aka sa giyar ƙarfi, injin yana ta kuka ƙafafu suna juyawa wuri ɗaya, da ƙyar take yin rabin haka.

Wata damina aka tura ni duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa a ƙauyukan tudun Mambila. Wanda bai san wurin ba, daga Jalingo ake bi ta Bali da Serti, a Mayo Selbe a fara hawan dutse, hanya tana naɗewa kamar maciji har a kai Nguroje da Gembu. Tsayin tudun ya kai wajen mita 1,600 bisa teku. Ƙauyukan kuwa nesa suke da babbar hanya, babu gidan mai ko ɗaya, sai 'yan bumburutu masu sayarwa a kwalba, man da ba ka san abin da aka gauraya masa ba.

Na duba ɗalibai biyar lafiya. Saura ɗaya, wata yarinya mai ƙwazo da aka kai makarantar da ta fi kowace nisa. Na auna mai, na ga in na je ba zan iya komowa ba. Na tsaya a mararraba na daɗe ina lissafi, daga bisani na juya. Ita kuwa ta shirya darasinta, ta yi ta jira har aka tashi yara. Rashin makin nan ya kusa sa ta maimaita shekara, sai da na yi ta rubuce-rubuce da roƙo kafin aka yarda in sake komawa. Ba ta taɓa yi mini maganar ba, wannan kuwa shi ya fi damuna.

Dabarar da na fara yi ita ce ta kowa, wato jarka. Jarkar ƙarfe mai lita 20 abu ne mai kyau, Jamusawa suka ƙago ta gab da Yaƙin Duniya na Biyu. Na sayi huɗu na ɗaure a kan rufi. Ashe na jawo wa kaina wata wahalar. Lita guda ta fetur tana da nauyin kashi uku cikin huɗu na kilo, saboda haka lita 80 kilo 60 ke nan, ban da nauyin jarkokin. Ka ɗora wannan a bisa mota gajera mai tsawo, ka bi gefen tudu, sai ka ji tana rinjaya kamar mai tallan da ta yi lodi fiye da wuyanta. In kuwa ka sa su a ciki, warin fetur ya hana ka numfashi, tartsatsi ɗaya ya isa.

Sai na tafi wurin wani tsohon bakanike na gaya masa damuwata. Ya ce, "Malam, ai masu motar sun riga ka tunani. Irinta ta soja tanki biyu gare ta, ɗaya ƙarƙashin kowace kujera. A taka akwatin kayan aiki ne a hagu, mu cire shi mu sa tanki."

Na ce, "Baba, ina da wani tsohon tanki a gida, sai a yanke shi a yi masa walda ya shiga."

Ya dube ni ya ce, "Ranka ya daɗe, kai ne mai ilmi, amma wannan ba a garejina ba. Tankin da ya taɓa shan fetur ba a kai masa wuta."

Gaskiyarsa. Tanki cike da mai bai kai wanda ya ƙare haɗari ba, domin tururin fetur da ya gauraya da iska shi ke fashewa, yakan kuma maƙale cikin tankin da aka ɗauka ya bushe tuntuni. Muka bar wannan, aka ƙera sabo da sabon ƙarfe.

Na zauna kwana uku ina kallon aikin, na kuwa ƙaru. A cikin tankin ya sa shinge biyu masu huda, don kada mai ya riƙa tunkuɗa gaba da baya in an taka birki. Ya ɗaure shi ƙasa-ƙasa a jikin shasi, ya sa roba tsakani, ya ce a hanyar daji ƙarfen mota murɗawa yake yi, abin da aka ɗaure ƙam ba sassauci tsagewa zai yi. Ya nisanta shi da salansa, ya yi masa garkuwa daga ƙasa saboda duwatsu. Sa'an nan ya sa wani ɗan famfo kusa da kujera, in ka murɗa dama injin ya sha daga tsohon tanki, in ka murɗa hagu ya sha daga sabo, kowanne da filtarsa. A ganina wannan ya fi haɗa su da tiyo ɗaya, domin in dutse ya huda ɗaya, ko aka zuba maka gurɓataccen mai a ɗaya, ɗayan yana nan.

Masu motocin dizal da na zamani su lura, nasu ya fi wannan wuya. Injinsu yakan mai da ragowar mai cikin tanki ta wani tiyo dabam. In aka juya wajen sha aka manta da wajen mayarwa, sai injin ya riƙa ɗiba daga sabon tanki yana zubawa a tsoho har ya cika ya malala a hanya. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023 ba wanda ke da man da zai shayar da ƙasa, dizal ma ba araha gare shi ba.

Na ƙarshe shi ne wani siririn bututu da ya fitar waje daga saman tankin, ya ce kafar numfashi ce. Ban mai da hankali a kansa ba.

Bayan dogon hutu, motar ta yi wata biyu a ajiye, na sake ɗaukar hanyar Mambila, wannan karon da lita 90, ina ta alfahari. Da tsohon tanki ya yi ƙasa na murɗa famfo. Mun yi 'yar tafiya sai injin ya fara tari, ya shide, ya mutu a tsakiyar hawa, ga hadari ya haɗo. Shugaban wata makaranta da na rage wa hanya ya ce, "Malam, ko dai mai ya ƙare?" Na ce ina, lita 45 na zuba da idona. Na ɗaga kujera na kwance murfin tankin, sai na ji fuuu, iska ta ruga ciki.

Nan take na gane. Kun san gwangwanin madara in aka yi masa huda ɗaya ba ya zuba sosai, sai an yi ta biyu inda iska za ta shiga ta maye gurbin abin da ya fita. Haka tanki yake. Na kwanta ƙarƙashin mota na laluba bututun numfashi, na tarar zanzaro ya gina ɗakinsa a ciki, ya toshe shi da laka tsaf. Ƙwaron da bai kai ɗan yatsa ba ya tsai da mota mai ja da ƙafa huɗu! Na sa waya na zaƙulo lakar, na busa, muka tayar, ta kama.

Ruwa ya same mu a hanya, amma mun kwana inda muka nufa. Da safe ƙarfe takwas ina zaune a bayan aji, ɗalibinmu yana koya wa 'yan aji huɗu lissafin rabawa da 'ya'yan gwaiba. Da na komo gida na yanki ɗan ƙyallen gidan sauro na ɗaure a bakin bututun, shi ne ɗan farin abin da kuke gani yana lilo bayan tayar gaba ta hagu.